"A Ƙara Mata Wuta": Lissafin da Ke Ɓoye a But ɗin Mota

Kafin ido ya ga motar, ƙirji ya riga ya ji ta. Da almuru ne, ana cikin cunkoson masu komawa gida a kan titin Zoo Road da ke Kano, sai wani gurnani ya taso daga baya, dum, dum, dum, kamar mata uku suna luguden daka a turmi ɗaya. Gilashin motocin da ke kusa ya ɗauki rawa, lambar motar mai kiɗan tana karkarwa kamar za ta ɓalle. Wanda ya lura da fitilunta na gaba zai ga wani abu: duk lokacin da ganga ta buga sai su lumshe, sannan su dawo. Mai motar yana ɗaukar wannan a matsayin shaidar ƙarfi. Rewaya kuwa ya san kuka ne. Motar ce take faɗin cewa an ɗora mata kayan da wutarta ba za ta iya ɗauka ba.

Ba samari masu son burgewa kaɗai ke neman ƙara ba. Akwai direban adaidaita sahu da ya cusa akwatin sifika a bayan kujerar fasinja, da mai tallar maganin gargajiya da yake son muryarsa ta ratsa kasuwar ƙauye tun daga bakinta har ƙarshenta, da masu motocin kamfen, da 'yan rakiyar amarya. Kowa da buƙatarsa, amma idan suka isa rumfar mai gyara, a Sabon Gari ne ko Ƙofar Ruwa ko Fantekar Kaduna, maganar guda ce: "Oga, a ƙara mata wuta." Ita wadda ake son a ƙara wa wutar ita ce amfilifaya, akwatin ƙarfen nan mai tsaga-tsaga da ake ɗaurewa a but ko a ƙarƙashin kujera.

Ana iya ƙara matan kuwa. Tambayar ita ce daga ina ƙarin zai fito, kuma wa zai biya kuɗinsa.

Katangar bolt 12

Matsalar ta samo asali ne daga batir. Tun da kamfanin Paul Galvin na birnin Shikago ya fitar da rediyon mota mai suna Motorola a 1930, masu ƙera kayan sauti suke fama da abu guda: wutar mota ƙarama ce. Batirin yau yana da bolt 12.6 idan ya cika, idan inji yana aiki kuma altaneta takan kai shi tsakanin 13.8 da 14.4. Nan ne iyakarsa.

Don a fahimci lamarin, a ɗauki misalin tankin ruwa. Bolt shi ne tsayin tankin, wato ƙarfin da ke turo ruwa. Amfiya ita ce yawan ruwan da ke bin bututu. Om shi ne ƙuncin bututun. Wat kuwa shi ne aikin da ruwan ya yi bayan ya fito. Gajeren tanki ba ya tura ruwa bene, komai kyan famfon. Shi ya sa rediyon da ke gaban mota, ko da an rubuta masa wat 50 sau huɗu, abin da yake bai wa kowace sifika mai om 4 cikin sauti mai tsabta ba ya wuce wat 20 da 'yan kai. Ba laifin kamfani ba ne, iyakar bolt 14 ke nan.

Dabarar tsallake wannan katanga ita ta haifi amfilifaya ta daban, wadda irin su Jim Fosgate suka fara sayarwa a Amurka a farkon shekarun 1970. Idan aka buɗe ta za a tarar da gida biyu a ciki. Gidan farko ba ruwansa da kiɗa, aikinsa ɗaga wuta. Akwai wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa, galibi TL494 ko SG3525, da ke umartar jerin taransistoci irin su IRFZ44N ko IRF3205 su riƙa kunna wutar batir suna kashewa sau dubbai cikin daƙiƙa guda. Wannan yankakkiyar wuta ce take shiga taransifoma mai siffar zobe, ta fito da bolt 25, ko 35, ko fiye, a sama da ƙasa. Manyan kafasitoci su tara ta kamar randa. Gida na biyu ne yake ɗebo wutar nan yana miƙa wa sifika daidai da hawa da saukar kiɗa.

Abin lura a nan shi ne amfilifaya ba ta ƙirƙirar ko wat ɗaya. Dillaliya ce. Abin da batir da altaneta suka ba ta take juyawa, ta ci nata kason ta hanyar zafi, ta miƙa saura.

Kallon kitse ake wa rogo

Kafin a kai ga gyara, yawancin masu saye sun riga sun faɗa tarkon kwali. A kasuwa za ka ga amfilifaya da ba ta fi littafin makaranta girma ba, an rangaɗa mata 3000W da jan rubutu. Wani lokaci a gefe akwai haruffa huɗu, PMPO, waɗanda ba su da wani ma'auni da aka yi ittifaƙi a kai. Kowane kamfani yana rubuta lambar da ta yi masa daɗi. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa ba tare da ta gaji ba. Ƙaryar ta yi yawa a Amurka ma, har sai da ƙungiyar masu kayan lantarki ta ƙasar ta fito da ƙa'idar CEA-2006, wadda ta ce a auna ƙarfi a kan bolt 14.4, da sifika mai om 4, kuma gurɓatar sauti kada ta wuce kashi 1 cikin 100.

Tsofaffin masu gyara suna da hanyarsu mai sauƙi ta kama maƙaryaci: su dubi fis. Idan amfilifaya tana da fis guda mai amfiya 30, a ninka 30 da 14.4, a sami wat 432. Wannan ne kusan iyakar abin da zai iya shiga cikinta a jere. Idan irin tsohuwar ƙirar nan ce da ake kira Class AB, kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 zafi yake zama, don haka abin da zai isa sifika bai fi wat 250 ba. Sabuwar ƙirar Class D ta fi tattali, takan miƙa kusan kashi 80, amma ko ita ba za ta wuce wat 350 da irin wannan fis ba. To ina 3000 ɗin? Tana kan kwali.

Sau da yawa wanda ya zo neman a ƙara wa amfilifayarsa wuta, abin da yake nema shi ne lambar da ya gani a kwali, lambar da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Hanyoyi uku na cikin rumfa

Idan mai gyara ya karɓi aikin, hanyoyin da yake bi ba su wuce uku ba, kuma kowace tana da nata harajin.

Ta farko ita ce ɗaga bolt na ciki. A wasu amfilifayoyi ana ƙara zagayen waya a ɓangaren fita na taransifoma, aikin da ya yi daidai da hannun masu naɗin kwayil, waɗanda suka ƙware a kan fanka da janareta. A waɗanda ke da tsarin daidaita wuta kuwa, ana sauya resista ɗaya ko biyu don a yaudari ƙwaƙwalwar ta ɗauka wuta ta yi ƙasa, sai ta ƙara turowa. Lissafin yana da jan hankali, domin wat yana hawa ne da bolt sau bolt. A ce an ɗaga daga bolt 30 zuwa 36. Ƙarin kashi 20 ne kacal, amma ƙarfin da sifika mai om 4 za ta samu, a kan takarda, zai tashi daga wat 112 zuwa 162, ƙarin kashi 44 cikin 100.

Sai dai kamfani bai zuba kayansa da ka ba. Amfilifayar da aka tsara wa bolt 30 galibi kafasitocinta masu jure bolt 35 ne. An kai su 36, an wuce iyakarsu. Za su kumbura, su yi yoyo, wata rana su fashe da ƙara kamar nokawut. Mai gyara na ƙwarai zai sauya su da masu jure 50, sannan ya dubi diyod, ya dubi taransistocin fita, ya dubi na gidan wuta waɗanda yanzu za su ja amfiya fiye da da. Kafin ya gama, ya sake rabin na'urar. Wanda ba na ƙwarai ba kuwa zai naɗa waya, ya kunna waƙa ɗaya a gaban mai kaya, ya karɓi kuɗinsa.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar buɗe akwatin ma: rage om. Sifika biyu masu om 4, idan aka haɗa su kai da kai, sun zama om 2, an buɗe bututu ke nan, wuta za ta ninka. Akwai kuma abin da ake kira birij, inda ake haɗa layi biyu na amfilifaya su yi wa sifika guda taron dangi, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a birij kowane layi rabin om ɗin yake gani. Wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da ganga, mai om 4 ta zama 2 a wajensa. Idan aka jona wufa biyu a birij, kowane layi yana fama da om 1, alhali yawancin amfilifayoyin kasuwa ba a gina su don haka ba.

Wannan dabara tana da tarihi. A ƙarshen shekarun 1980, da gasar sautin mota ta bunƙasa a Amurka ƙarƙashin ƙungiyoyi irin su IASCA, ana raba 'yan takara rukuni-rukuni ne bisa wat ɗin da kamfani ya rubuta a kan om 4. Sai kamfanin Orion ya fito da wata ja mai suna 225 HCCA, ya rubuta mata wat 25 sau biyu, amma ya gina ta yadda za ta jure har rabin om, inda takan ba da wat 400. Mai ita ya shiga rukunin ƙanana da ƙarfin manya. To amma a lura: ita wannan tun daga tushe aka ƙera ta da taransistoci masu yawa da gidan wuta mai kauri. Rubutun ne aka rage, ba ƙarfin aka ƙara ba. A rumfunanmu akasin haka ake so a yi, a mai da jaki doki ta hanyar ƙara masa bulala.

Hanya ta uku ita ce ƙara taransistoci ko musanya su da manya, kamar a cire TIP35C a sa 2SC5200 da abokin tafiyarsa 2SA1943. Wannan ba ya ƙara wat da kansa. Abin da yake yi shi ne raba nauyi, don na'urar ta iya jure ƙaramin om. Aiki ne mai ma'ana idan an sami kaya na gaske. Nan kuma wata sabuwa take, domin waɗannan lambobi suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya. Jiki iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, amma idan aka fasa na jabun sai a tarar da 'yar ƙwayar da ke ciki ba ta kai rabin ta asali ba. Shi ya sa wasu masu gyara suka fi yarda da taransistar da suka ciro daga tsohuwar na'ura 'yar Beljiyam a kan sabuwa fil a leda.

Akwai hanya ta huɗu da ba ta cancanci a kira ta gyara ba. Amfilifaya takan kashe kanta idan ta yi zafi ko aka ja mata wuta fiye da kima, jar fitila ta kama. Mai mota ya dawo da ƙorafi: "Tana yankewa." Maimakon a nemi dalili, sai a tsinke layin kariyar, a cire fis a ɗaura silin waya a gurbinsa. An kori maigadi ke nan don yana hana barci da ihun ɓarawo.

Zafi, ƙura da siririyar waya

Ko da aikin cikin akwati ya yi kyau, akwai abokan gaba uku a waje.

Na farko zafi. Lambobin da kamfanoni ke bugawa a ɗaki mai sanyi aka gwada su. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ke haura digiri 40 a inuwa, but ɗin motar da ta wuni a rana tanda ne. Masu ƙera kafasita suna da ƙa'idar da suka daɗe da sani: duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ranta biyu. Amfilifayar da aka ɗaga wa bolt ta riga ta fi da zafi tun kafin rana ta sa hannu. Da hunturu kuma ƙura ta shiga ta toshe tsagogin da ke fitar da zafin, ta daskarar da fanka idan akwai.

Na biyu waya. Wat 1000 na gaskiya, ko da Class D ce, yana buƙatar kusan amfiya 87 daga mota. Altanetar ƙananan motoci da yawa tsakanin amfiya 70 da 100 take bayarwa gaba ɗaya, kuma daga ciki ne fitilu, da fankar lagireto, da na'urar sanyaya mota, da famfon mai suke ci. Abin da ya gaza, batir ne zai cike, shi ya sa fitila ke lumshewa, shi ya sa ake wayar gari ana neman masu turi. A adaidaita sahu abin ya fi muni, domin abin da ke cajin batirinta an yi shi ne don fitila da hon da sitata.

Ita kanta wayar da ke ɗauko wuta daga batir zuwa but, tsawon mita 5 ko kusa, akwai ha'inci a cikinta. Da yawa daga cikin masu kaurin roba da ake sayarwa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. A kankare silin da wuƙa. Idan fari ya bayyana, an gane. Duk bolt ɗin da ya zube a hanya zafi ya zama a cikin wayar, ƙarƙashin kafet. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a sa fis a kan wayar kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, don idan ta goge ta taɓa jikin mota fis ne zai mutu. Idan babu shi, wayar ce za ta yi ja. A tuna kuma abin da ke kwance a but ɗin motocinmu: jarkar fetur ta ko-ta-kwana, ko tukunyar gas ta CNG da mutane suka rungumi sakawa tun bayan cire tallafin mai a 2023.

Na uku shi ne ɗan maɓallin nan da aka rubuta wa Gain. Kusan kowa yana ɗaukarsa bolum na biyu, a murɗe shi har ƙarshe. Aikinsa kawai daidaita abin da rediyo ke aikowa da abin da amfilifaya za ta iya ɗauka. Idan aka wuce, amfilifaya takan kai rufinta, ta fara aske kan sautin. Kunne zai ji kamar ƙara ta ƙaru, amma kaushi ne ya ƙaru, kwayil ɗin sifika kuma yana shan zafi fiye da yadda zai iya fitarwa. Warin ƙonannen fenti da ke tasowa daga baya shi ne sallamarsa.

Abin da kunne yake ji

A nan ne duk cinikin yake rushewa. Kunnen ɗan Adam ba ya lissafi irin na mita. Idan aka ninka wat sau biyu, ƙarar desibel 3 kawai take ƙaruwa, abin da za a ji an ɗan taɓa bolum. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat sau goma. Wancan aikin naɗin taransifoma da ya kai mu daga wat 112 zuwa 162, duk da haɗarinsa da kuɗinsa, desibel 1.6 ya haifar. Mutum biyu za su iya yin musu a kan ko an ƙara ko ba a ƙara ba. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Desibel ɗin da ake wahalar nema a cikin amfilifaya yana zube a wasu wurare kyauta. Sifikar da ke ba da desibel 90 da wat ɗaya ta fi mai ba da 87 da daidai abin da ninka amfilifaya zai kawo, ba tare da an ƙara wa batir nauyin ko amfiya ɗaya ba. Akwatin wufa da aka auna girmansa daidai da ita, aka yi shi da katako mai kauri, aka toshe duk wata kafa da iska ke zurarewa, yakan fi kowane gyaran waya tasiri. Kafinta nagari ya fi mai naɗi amfani a nan. Gyara wayar ƙasa, a kankare fenti a ɗaure ta a kan tsuran ƙarfe, da ƙara kaurin wayoyin da ke tsakanin altaneta da batir da jikin mota, yana dawo da ƙarfin da amfilifaya take da shi tun farko amma yunwa ta hana ta nunawa. Idan duk an yi wannan bai isa ba, sayen Class D da aka gina don ƙarfin da ake so ya fi arha a kan binne tsohuwa sau biyu.

Masu gasar dB Drag Racing da Wayne Harris ya kafa a Amurka, waɗanda motocinsu ke haura desibel 170, sun san wannan sarai. Suna cika mota da batura, su ƙarfafa jikinta har da kankare, su sauya gilashi da mai kauri. Sannan idan lokacin gwaji ya yi, babu mai zama a ciki. Daga waje ake kunnawa, na 'yan daƙiƙoƙi.

Mu kuwa a ciki muke zaune, mu da 'ya'yanmu da fasinjojinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya sauraron desibel 80 na sa'o'i 40 a mako ba tare da illa ba, amma a desibel 90 sa'o'i 4 ne kacal. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Direban da ke wuni da sifika a ƙeyarsa yakan cinye kason mako tun kafin azahar ɗin Litinin. Ƙananan gasun da ke cikin kunne, idan suka mutu, ba sa sake tsirowa, kuma babu kasuwar da ake sayar da 'yan Beljiyam ɗinsu. Najeriya tana da dokar taƙaita hayaniya ta 2009 a hannun hukumar NESREA, amma maƙwabcin asibiti da mai jinya da ɗalibin da ke bitar hadda sun san nisan da ke tsakanin takarda da titi.

Babu wanda zai raina basirar da ke cikin rumfunan nan. Yaron da ya koyi bin layin wuta da mita a hannu, ya gane taransistar da ta mutu daga wari, ya naɗa taransifoma ba tare da ya taɓa shiga ajin injiniya ba, ya cancanci a jinjina masa. Amma a cikin masu sana'ar, wanda ya fi sani shi ne wanda idan aka ce masa a ƙara mata wuta, zai ajiye sukundireba, ya ce wa mai mota ya ta da inji, ya kunna fitila, ya saki kiɗan. Sai su tsaya a gaban motar su biyu. Idan fitilun suka lumshe, ba sai an buɗe akwatin ba.